Kumfa a Gwiwar Inna

Na san abin da kuke faɗa a bayana game da shekarar da na kai Kulu Argungu. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a gaban idona, amma ina zuwa taron suna, kuma kunnena bai mutu ba tukuna. Cewa kuke na gaji da ita, na tattara ta na kai wa kakarku don in samu sararin aikin ofis. Ban yi fushi ba, domin a lokacin babbar yayarku tana makarantar kwana, Safiya ba ta san komai ba sai wasan ƙasa, Bello kuwa yana goye. Abin da kuka ji a bakin mutane shi kuka riƙe. To ga yadda aka yi daga bakin wadda aka yi da ita. Maganar haƙori ce ta kai Kulu Argungu, haƙori da kumfar man goge baki. Na san in na tsaya a nan dariya za ku yi, shi ya sa zan faro daga baya.

Muna zaune a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi a lokacin, babanku yana ma'aikatar gona, ni ina buga takardu a sakatariya. Kulu ta zo duniya da lalurar da kuka sani. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwarta ba za ta bi girman jikinta ba, za ta koyi abubuwa amma a hankali, sai an yi ta maimaita mata. Abin da ba su gaya mini ba shi ne, in abu ya shiga kan Kulu to ya shiga ke nan, ko da gatari ba ka fitar da shi. Tun tana ƙarama miyau ke dalala daga bakinta, ya jiƙa gaban riga, haɓarta kullum a jiƙe har ta yi ƙuraje. In mun je biki sai in ga mata suna janye bakin zanensu a ɓoye, suna mini murmushi. Wannan abu ya ci mini rai ƙwarai. Sai na ƙudura cewa ko me za a yi sai yarinyar nan ta iya riƙe bakinta. Kalma ɗaya ta zama waƙar gidanmu: haɗiye. Ni in faɗa ina tuƙa tuwo, babanku ya faɗa yana ɗaura agogo, Safiya da ƙyar take haɗa magana amma ta iya cewa Kulu haɗiye. Shekaru muka yi a kan haka, har Allah Ya sa ta kama. Ranar da na kai ta wani biki a unguwa muka dawo rigarta a bushe, na yi ta kallon rigar nan kamar an ba ni kujerar Makka. Kuma ko yau aka mayar da ni baya, abin da zan koya mata ke nan, don ban ga wata hanya ba.

Tana da kamar shekara sha ɗaya ta fara ƙin fura mai sanyi, ita da ba ta da abin so kamar fura. Sai ta riƙa dukan kuncinta da hannu tana gurnani, in na tambaye ta ina ke ciwo ta nuna mini kai gaba ɗaya. Mun yi maganin kunne, mun yi na zazzaɓi, sai da kuncin ya kumbura muka gane haƙori ne. Ba zan manta ranar da aka cire shi ba. Da ni da babanku da ma'aikatan asibiti muka danne ta a kujera, tana ihu tana kallona, ni da ta saba gudowa wurina in abu ya tsorata ta. Da aka gama, likitan ya leƙa sauran ya ce akwai waɗanda suka fara kogo. Ya ce asuwakin da nake ɗan goga mata in ta yarda bai wadatar ba, sai buroshi da man goge baki safe da yamma, kuma ta riƙa tofar da kumfar. In ba haka ba, wannan kujerar za mu yi ta dawowa har bakin ya ƙare. Na fito asibitin nan na ce a raina ba za a sake danne mini ɗiya ina raye ba.

Da farko ni nake goge mata, amma tun daga ranar kujera ta daina yarda hannun kowa ya kusanci bakinta. Kokawa muke yi kowace safiya, ga ta ta fara ƙarfi, ga Bello a bayana yana tsala kuka, ga lokacin ofis yana wucewa. Rannan ta datse mini yatsa har jini. Ihun da na yi ne ya shigo da maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, mutumiyar Filato, wadda ke koyarwa a makarantar yara masu lalura irin ta Kulu. Ta dubi yatsana, ta dubi Kulu da ta maƙale a bayan randa.

"Hajiya, wannan ba za ki ci gaba da yi mata ba," in ji ta. "Nan da shekara biyu ta fi ki ƙarfi. Dole hannunta ne zai koya."

Na ce, "Malama, wagga da ko maɓallin riga ba ta sawa? Ta yaya?"

Ta ce, "Kaɗan-kaɗan. Zan riƙa shigowa kafin na tafi aiki."

Kuma ta cika alkawari, Allah Ya saka mata. Ita ta nuna mini in daina tsayawa a gaban Kulu kamar likita, in koma bayanta, in ɗora hannuna a kan nata mu riƙe buroshin tare. Ta ce wuri ɗaya kullum, bakin rariya, buta ɗaya, buroshi ɗaya ja wanda Kulu ta zaɓa da kanta a kasuwa. Ta ce kada in yawaita magana, kuma in ta iya wani abu in janye hannuna daga nan, daga yatsu zuwa wuyan hannu, daga nan zuwa gwiwar hannu, har ya zama kafaɗarta kawai nake taɓawa. Da buroshi da ruwa zalla muka fara. Abin mamaki, kafin damina ta kankama Kulu tana goge gaba, tana goge gefe, tana kai wa matauni, har harshe take gogewa tana dariya. Na fara jin iska tana shiga ƙirjina. Sai Malama ta ce to yanzu a sa man, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake.

Aka sa. Kulu ta goge tsaf, baki ya cika da kumfa. Na ce mata tofar. Ta dube ni, ta rufe baki gam, ta haɗiye. Sannan ta buɗe bakin ta nuna mini babu komai, tana jira in yaba mata kamar yadda na saba.

Nan kaina ya ɗaure, kuma bai kwance ba har ƙarshen shekarar. Duk safiya haka. In na ce tofar sai ta haɗiye, in na ɗaga murya sai ta haɗiye da sauri, don a saninta duk lokacin da aka ɗaga murya a kan bakinta abu ɗaya ake nufi. Cikinta ya fara murɗawa, wata rana har da amai. Malama ta ce ba za a bar ta ita kaɗai da man ba matuƙar tana shanye shi, ga shi kuma man ne likita ya ce zai tsare haƙoran. Mun gwada duk dabarar da Malama ta sani. Ta kawo kyandir Kulu ta hura, ta hura lafiya lau, amma hurawa daban tofarwa daban. Muka sayo kankana muka zauna a tsakar gida muna gasar tofar da 'ya'yan, Kulu ta cinye nata har 'ya'yan, ta bi namu da muka tofar tana tsincewa don kada gida ya yi datti. Malama da kanta ta ce a makaranta ta ga masu ƙin buroshi, ta ga masu tauna shi, amma ba ta taɓa ganin wadda aka yi shekaru ana hana abin da yanzu ake roƙonta ta yi ba. Har babanku, mutumin da ko tari ba ya yi a gaban yara, na lallaɓa ya zo bakin rariya da babbar riga, ya cika baki da ruwa ya fesar don ta gani. Kulu ta zaro ido, ta kama hannun rigarsa.

"Baba, haɗiye!" in ji ta. "Ƙazanta!"

Ya dube ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"To kin ji," ya ce. "Mi kika so in yi kuma? Mu munka koya mata."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma dariyar ta juye ta zama kuka, Safiya tana tsaye ta rasa wanne za ta taya ni.

Da aka yi hutu muka tafi Argungu gaida Inna, mahaifiyar babanku. Ku ƙanana ba ku san ta da ƙarfinta ba. Mace ce mai faɗa da ban dariya, ta yi shekaru tana sayar da busasshen kifi, a lokacin kuwa ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Da ta ga kayan goge bakin da na jera sai ta taɓe baki.

"Wanga makilin naku," in ji ta. "Ni da icce niy yi tsuhwa, kuma har gobe ina tauna ƙashin kihi."

Ban ja da ita ba. Inna tana da al'ada, kowace safiya in ta gama lazimi sai ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta karanta abin da ya sawwaƙa, ta yi tofi a tafin hannu ta shafa a gwiwoyinta. Kulu ta liƙe mata tun ranar da muka sauka, Inna tana kiranta ƙawata. Wata safiya ina shanya kayan Bello sai na ji Inna tana cewa, "Ƙawata, zo ki yi ma gwiwag ga tohi, halan naki ya hi nawa karɓuwa." Na waiwaya. Kulu ta durƙusa, ta motsa leɓe kamar mai karatu, ta sunkuya a kan gwiwar, ta yi tuf. Kuma ba irin tofin manya ba da iska ce kawai, miyau ne sosai ya sauka. Rigar da ke hannuna ta faɗi ƙasa. Yarinyar da muka yi wata da watanni muna roƙo, ga ta ta tofar ba wanda ya matsa mata, don a wurinta wannan ba tofarwa ba ce, magani take yi wa Inna.

Washegari na kai ta gindin rariyar gidan, ta goge, baki ya cika. Na ce, "Kulu, yi tohi." Ta tsaya da kumfa a baki tana waige-waige. Na nuna mata ƙasa, ta girgiza kai. Sai ta juya ta nufi tabarmar Inna da gudu, ta durƙusa, ta motsa leɓe, ta juye kumfar nan duka a kan gwiwar tsohuwa. Na sha jinin jikina, na ce yau mun shiga uku. Inna ta dubi gwiwarta da ta yi fari fat. Can sai ta sa hannu ta shafa.

"Ke, abin ga da sanyi-sanyi," in ji ta. "Bar ta. Gobe ta yi ma ta hagu."

Haka muka yi sauran hutun. Kulu tana farkawa za ta nemi buroshinta da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, don Inna na jiran magani. Na dawo Birnin Kebbi ina ganin an gama. Safiyar farko a Gesse ta goge, ta duba tsakar gida babu Inna, ta haɗiye. Na zauna na miƙe ƙafa na ce ta yi wa tawa gwiwar, har da ɗingishin ƙarya. Ta leƙa gwiwar, ta leƙa fuskata.

"Umma, ba ki ciwo," ta ce.

Ga kuma babanku da ya ji labarin abin da aka yi a Argungu ya murtuke fuska. Ya ce tofi abu ne na addu'a, ba a haɗa shi da dattin baki, balle a ce wa yarinya ta yi shi a rariya. Na ce ai ba ta karanta komai, leɓe kawai take motsawa. Ya ce shi ne ma abin da ya fi damunsa. Ya tambayi wani malami a masallacin unguwa, aka ce a bari. Ni kuma na tambayi malamar islamiyyarmu, ta ce Kulu ba ta cikin waɗanda alƙalami ya hau kansu, Allah Ya san nufin kowa. Na dawo gida da amsa biyu, ban san wadda zan ɗauka ba. Malama Rifkatu ta ce ita ba za ta sa baki a maganar addininmu ba, amma a aikinta, in yaro ya buɗe ƙofa ɗaya to ta nan ake shiga, daga baya a riƙa matsar da abin kaɗan-kaɗan har ya isa inda ake so. Ta ce sai dai wannan aiki ne na watanni, kuma sai da gwiwar da Kulu ta yarda da ita. Na ce a kawo Inna Gesse mana. Aka aika, Inna ta ce ita da barin ɗakinta sai dai a makara.

A cikin wannan ruɗani ne na ga Kulu ta sake ture kwanon fura, ta kai hannu kunci. Ba ta yi kuka ba, taɓawa kawai ta yi, amma ni kujerar nan na gani. A ranar na ce wa babanku zan kai ta Argungu ta zauna. 

"In Inna ta ga daidai na, ni ba ni cewa a'a ga Inna," ya ce. "Amma ki sani mutane za su yi magana."

Na ce, "Su yi. Ba su anka danne ba."

Na faɗi haka da ƙarfin hali, amma a mota ina riƙe da hannunta ina tambayar kaina ko hauka nake yi. Wace uwa ce ke raba ɗiyarta da gida saboda kumfa? Wata zuciyar ta ce wace uwa ce kuma za ta zauna tana kallo a cire wa ɗiyarta haƙora ɗaya bayan ɗaya? Har muka wuce fadamun shinkafa muka shiga gari ban raba gardamar ba. Na zauna da Inna da matar ƙanen babanku da ke kula da ita, na yi musu bayanin yadda Malama ta ce a riƙa matsarwa. Kulu ko kallona ba ta yi ba da zan tafi, tana can tana jera buroshinta kusa da carbin Inna. Na ji daɗin hakan, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Inna ta yi aikin fiye da yadda na zata. Da farko gwiwa. Bayan wani lokaci ta ce kumfar tana ɓata mata zane, a riƙa yi a ɗan kwano kusa da ƙafarta, ita za ta shafa da kanta. Daga nan kwanon ya fara tafiya, yau bakin tabarma, wani mako bakin ƙofa, har ya kai gindin rariya. Rannan kuma aka wayi gari kwanon ya ɓata, Inna ta ce akuya ta ɗauke, a yi a nan inda yake zama, saƙon zai iso ta. Haƙorin nan na biyu da ya fara ciwo aka cike shi ba a cire ba, kuma daga shi ba a sake taɓa bakin Kulu ba. Ina zuwa duk ƙarshen wata in aiki ya bari, wani lokaci wata biyu, don Bello ya yi ta rashin lafiya a shekarar. Niyyata in ta iya in ɗauko ta. Ban lura da cewa wani abu ma yana matsawa kaɗan-kaɗan tare da kwanon ba.

Bayan girbin shinkafa na je da sassafe, na shiga gidan ba su ji sallamata ba. Na tarar da Kulu a bakin rariya ita kaɗai, ba kowa a bayanta. Na tsaya a zaure ina leƙe. Ta matsa man daidai ƙwayar wake, ta rufe murfin. Ta goge gaba, ta goge gefe, ta kai ciki. Ta sunkuya ta tofar, ta kurkure da ruwan buta ta sake tofarwa, ta wanke buroshin ta soke shi a jikin danga. Abin da na yi shekara ina roƙon Allah ke nan, ga shi a gabana. Na fito da sauri, na ga ɗan farin kumfa a haɓarta, na kai bakin mayafina zan share mata. Ta kauce, ta share da bayan hannunta.

"Bari, ni ka yi," ta ce.

Sannan ta yi mini murmushi da haƙoran nan farare, irin murmushin da ake yi wa baƙon kirki, ta juya ta ɗaga murya.

"Inna! Umman Bello ta zaka. A ba ta tabarma."

Haka mutanen gidan ke kirana, a bakinsu ta ɗauka. Na zauna a tabarmar, aka kawo mini kunu na sha. Da na ce ta haɗa kayanta mu tafi gida, ta dube ni ba ta gane ba, ta ce ai tana gida, kuma wa zai yi wa Inna magani? Na koma Birnin Kebbi ni kaɗai, ina kuka a mota, matar da ke kusa da ni tana ba ni haƙuri tana tambaya ko rasuwa aka yi. Ni kaina ban san na murna nake yi ko na baƙin ciki ba.

Kulu ba ta dawo hannuna ba sai bayan rasuwar Inna, ta zama budurwa. Na yi ƙoƙari, babanku ya yi, ku ma kun yi ta gyara mata, amma kun san kan Kulu. Yau shekarunta sun haura talatin, haƙori ɗaya kawai ta rasa a duniya, ni da na koya mata nawa fiye da rabi sun zube. Kowace safiya ina kwance ina jin ƙarar butarta a bakin rariya, in ji buroshi, in ji ta tofar. In ta gama sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Umman Bello, an tashi lahiya?" Ni kuma sai in amsa.